Wanet mai jan ciki da tirelar Alhaji: me ake asara idan an yanka shasi?

Ɗan yayata ya sayi tsohuwar GMC Sierra ƙirar 2005 a kasuwar motoci ta kudancin Jidda, fara, mai ƙofa huɗu, ta sha hanya amma da sauran ranta. Rabin kuɗin nasa ne, rabi na mahaifinsa, kuma daga nan rigimar ta taso. Shi yaron so yake ya kwantar da ita ƙasa irin waɗanda ke yawo a bakin teku daren Alhamis, taya ta shige cikin bodi, mota tana tafiya kamar tana jan ciki. Uban kuwa, Alhaji, ba don ado ya zuba kuɗinsa ba. Yana da tirela mai aksul biyu da yake ja zuwa sahara lokacin sanyi da tantuna da janareta da tankin ruwa, in Zulhajji ta kama kuma a loda mata raguna a kai wa dangi a Makka, can wajen Shara Mansur. Da magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa sai yaron ya kira ni ya ce, "Kawu, don Allah ka yi wa Baba bayani. Mu'allim mai gyaran mota ya ce yankan ɗan kaɗan ne, kuma za a mayar da ƙarfe a wurin."

Na ce masa bayanin zan yi, amma ba lalle ya fito yadda yake so ba.

A-kori-kura, wadda a nan kowa ke kira wanet, ba a gina ta kamar ƙaramar mota ba. Ƙarfe biyu ne dogaye suka taso daga gaba har baya, an haɗa su da wasu gajeru a tsakani kamar tsani. Wannan shi ne shasi. Inji da kan mota da bodin baya duk a kansa suke zaune. Aksul na baya kuwa yana ƙarƙashinsa, rataye da sifirin mai faifai, wanda makanikan sana'iyya, wato unguwar garejoji, ke ce wa susta. Tsakanin saman aksul da ƙasan shasi akwai fili, kuma filin nan ba a bar shi don banza ba. A cikinsa aksul ke hawa da sauka idan an faɗa rami, ko an hau maɗab, wato tudun rage gudu da ake yi a kan titi, ko an ɗora kaya. Duk wata hanyar sauke mota, ko wace iri ce, wannan filin take ci. Nan matsalar take, sauran duk rassa ne.

Hanyoyin saukewa ba su da yawa. A gaba ana canja ƙarfen da taya ke juyawa a kansa da wani wanda aka ɗaga wurin zaman tayar, a sami inci 2, ko a sa gajeren sifirin. A baya ana canja maratayin susta a sami inci 1 zuwa 2, a haɗa da canjin mariƙin susta na gaba a kai inci 4. Wanda ke son fiye da haka sai ya juya aksul. A irin wannan Sierra susta a saman aksul take daga kamfani, to sai a mayar da aksul saman susta, mota ta faɗi wajen inci 6 a lokaci guda, kimanin santimita 15 ke nan. Shi ya sa za ka ji samari suna cewa biyu da huɗu, ko huɗu da shida, wato incin gaba da na baya. Da an juya aksul, filin da ya rage tsakaninsa da shasi ba ya wuce yatsu biyu ko uku. Ko ba kaya, maɗab ɗaya ya isa ka ji ƙarfe ya daki ƙarfe har cikin haƙoranka.

Maganin da aka saba shi ne a ɗauko saruk, wato injin yankan ƙarfe mai faifai, a yanke wani yanki daga ƙasan shasi daidai saman aksul, a yi masa rami mai siffar harafin C a kife, domin aksul ya sami inda zai shige. Amurkawa, waɗanda wannan ado ya fito daga wajensu, suna kiransa si-noc. Shi ne "yankan ɗan kaɗan" da mu'allim ya faɗa wa yaron.

Duk wanda ya taɓa shan rake ya san abin da ake yi in ana son ya karye a inda ake so: a ɗan sare shi da wuƙa, a danna, sai ya ɓalle daidai wurin. Ƙarfe ma haka yake. Sannan ƙarfin kowane ginshiƙi da aka shimfiɗa yana cikin tsayinsa daga sama zuwa ƙasa ne, ba cikin kaurinsa kaɗai ba. Kafinta ya san wannan ko bai yi makaranta ba, shi ya sa yake tsayar da katakon rufi a kan gefensa, ba ya kwantar da shi. Lissafin kuwa ba ya tausayi. Ginshiƙi mai kusurwa huɗu, in ka rage rabin tsayinsa, ba rabin ƙarfinsa ka rage ba. Nauyin da zai iya ɗauka kafin ya lanƙwashe ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, taurinsa kuma ya koma ɗaya cikin takwas. Ga shasin irin wannan motar abin ya fi haka muni, domin bayansa ba rufaffen akwati ba ne, buɗaɗɗe ne: bango ɗaya a tsaye, da leɓe a sama da leɓe a ƙasa. Leɓɓan nan biyu su ne ke ɗaukar mafi yawan aikin lanƙwasa. Mai yankan C leɓen ƙasa yake fara cirewa gaba ɗaya, sannan ya ci wani ɓangare na bangon.

In motar yawo ce kawai za a yi da ita, bodi wayam, wannan raunin zai iya shekaru bai nuna kansa ba. Tirela ce ke tona asirinsa, kuma dalilin yana cikin inda nauyinta ke sauka. Ƙa'idar da masu ƙera tireloli suka yarda da ita ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya kwanta a kan ƙwallon ja. In bai kai haka ba, tirela za ta riƙa kaɗa wutsiya a kan hanya har ta kayar da mota. To a ce tirelar Alhaji da kayanta kilo 2,500 ce, nauyin da ke kan ƙwallo wajen kilo 300 ne. Amma ƙwallon ba a saman aksul yake ba, yana can baya da kimanin mita 1.2, alhali tsakanin tayar gaba da ta baya mita 3.6 ne da ɗan kai. Sai motar ta zama kamar lilon yara na katako, aksul na baya shi ne tsakiya. Kilo 300 ɗin nan suna zama kilo 400 a kan aksul na baya, sannan su ɗage kilo 100 daga tayoyin gaba, waɗanda su ne ke da sitiyari da mafi yawan birki. Shasi kuma yana son ya yi doro a daidai saman aksul, samansa ana ja, ƙasansa ana matsewa. Daidai inda aka yanka ke nan.

Wannan ma a tsaye ne. Da an fara tafiya kowane rami yana ninka nauyin na ɗan lokaci, tirela ta danna ta saki, ta danna ta saki. Ga kuma ja da turi: in ka taka mai tirela tana jan shasi baya, in ka taka birki tana tunkuɗo shi gaba, kuma duk wannan ƙarfin sai ya ratsa ta siririn wuyan da ya rage a saman ramin. Raguna kuwa sun fi buhunan siminti wahalar ja, don su kaya ne masu ƙafa, in ka taka birki duk su taru a gaba. Ƙarfe ba ya karyewa rana ɗaya a irin wannan. Yadda yaro ke lanƙwasa waya gaba da baya har ta gaji ta tsinke, haka tsaga ke farawa siririya kamar gashi daga kusurwar yankan, tana tafiya a hankali ƙarƙashin fenti da ƙura. Alamar da mai mota ke fara gani ita ce bayan bodi ya ɗan sunkuya, tazarar da ke tsakanin kan mota da bodi ta buɗe daga sama. In an kai nan, aikin gama ya gama.

Ban ce ba a iya yankawa a ja tirela ba. Ana iyawa, ana kuma yi. Amma akwai bambanci tsakanin toshe rami da mayar da ƙarfin da aka cire, kuma yawancin abin da na gani a ƙarƙashin motocin samari toshe rami ne. A yanka rabin bututu, a liƙa shi cikin ramin da walda, a fesa baƙin fenti, shi ke nan. Ido ya ga ƙarfe ya koma, amma tsayin ginshiƙin bai dawo ba.

Na tafi da yaron wajen wani dattijo Bahaushe mai walda da na daɗe da sani, wanda ya tsufa yana gyaran shasin manyan motoci. Ya leƙa ƙarƙashin motar, ya auna da tafin hannunsa, ya ce, "Ɗana, abin da ka ciro daga ƙasa sai ka biya shi a sama, in ba haka ba bashi ka ci." Maganarsa ita ce dukan ilimin. Gyara na gaskiya yana da faranti mai kauri, wajen milimita 6, da zai rungume shasi daga waje ya zarce ramin gaba da baya da nisa, domin nauyi ya sami hanyar wucewa a hankali. Yana da wani farantin daga ciki da zai rufe buɗaɗɗen gefen, wurin ya koma akwati. In yankan ya yi zurfi, ana ƙara ƙarfe a saman shasi don tsayin da aka rasa ya dawo, ko da hakan na nufin a ɗaga wani sashe na daɓen bodi. Kusurwoyin ramin kuma dole su zama masu lanƙwasa, ba masu kaifi ba, domin kusurwa mai kaifi ita ce sarar wuƙar da ke jikin rake. Ƙarshen farantin ma ba a yanke shi a miƙe daga sama zuwa ƙasa. Ana fiƙe shi kamar bakin kifi, don kada layin walda guda ya tsaya a tsaye ya zama sabon wurin karyewa. Kuma ba a ratsa leɓen shasi da walda daga gefe zuwa gefe, ba a kuma huda shi. Hudar kusoshi a jikin bango ake yin ta.

Ana yawan musu kan wanne ya fi, na ɗaurawa da noti ko na walda. Ni dai a ganina tambayar ba ta kai a ɓata baki ba. Kayan ɗaurawa da aka ƙera domin wannan motar takamaimai, aka huda daidai, aka ɗaure da kusoshi masu lamba 10.9 a ka, ko masu daraja ta 8 a ma'aunin Amurka, sun fi waldar wanda ya saba da ƙofofin gida da tagogi nesa ba kusa ba. Waldar gwani kuma, mai rufin ciki, ta fi su duka. Sai dai a sani cewa sababbin motoci da ƙarfe mai ƙarfi amma siriri ake yin shasinsu, zafin walda yana canja halinsa a gefen ɗinkin, kuma da yawansu shasin rufaffen akwati ne tun daga kamfani, kamar Ford F-150 tun daga ƙirar 2004. Dabarar da ta yi aiki a tsohuwar mota ba lalle ta dace da sabuwa ba. Kafin a kunna saruk kuma, a tallafe shasi gaba da bayan wurin yankan don kada ya motsa, a cire batir, a kawar da bututun birki da na mai da wayoyi. Tankin mai yana nan kusa, kuma tartsatsi ba ya sallama.

Wani abu da mutanen Riyad ba su damu da shi sosai ba amma mu na Jidda dole mu damu: gishiri. Iskar nan mai laima tana cin ƙarfe, kuma akwatin da aka rufe yana tara ruwa da yashi a ciki. A shafe cikinsa da maganin tsatsa kafin a rufe, a bar ƙaramar kafar da ruwa zai fita. Mai saukar da jirgin ruwa a Abhur, bakin teku na arewacin Jidda, ya ƙara kula, don gajeriyar mota tana tsoma bayanta cikin teku tun kafin tirela ta kai inda jirgi zai taso.

To a ce an yi duk wannan, shasi ya dawo da ƙarfinsa ko ma ya fi. Nan ne yaron ya fara murmushi, nan ne kuma na ce masa ba a gama ba, domin sau da yawa ba shasi ne ke fara gazawa ba.

Yankan C inci biyu ko uku kawai yake dawo da su daga cikin shidan da aka cinye. Kilo 400 na tirela, da mutum biyar a ciki, da kulolin ruwa a bodi, sun isa su shanye wannan filin tun mota tana ƙofar gida. Daga nan aksul yana zaune ne a kan robar tsayawa, babu sauran sifirin, kowane rami kai tsaye yake shiga shasi. Kuma ba bututun aksul kaɗai ke hawa ba. Tulun difirans da ke tsakiya ya fi shi tsayi, yakan daki daɓen bodi ko ƙarfen tsakani, salansa ma takan matsu. Maganin da kowa ke kawowa shi ne balan-balan na iska da ake sawa tsakanin aksul da shasi, a hura su in za a ja tirela, a sace iskar in za a yi yawo. Dabara ce mai kyau, ni ma ita zan ba da shawara. Irin waɗanda aka fi sayarwa ba a barin su ƙasa da awo 5 na ma'aunin iskar taya, ba a kuma wuce 100. Amma abu biyu. Na farko, balan-balan suna daidaita tsayuwar mota ne kawai, ba sa ƙara ko kilo ɗaya a kan abin da aksul da taya da birki za su iya, kuma ba sa mayar da kilo 100 ɗin nan da ya gudu daga tayoyin gaba. Na biyu, susta tana raba nauyi ne a wuri biyu masu nisa da juna, gaba da baya, su kuwa balan-balan suna tura shi sama a wuri ɗaya, kusa da yankan ko a kansa. In ba a ƙarfafa wurin da wannan a zuciya ba, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Abin da ke mayar da nauyi gaba shi ne maja mai sanduna biyu masu tauri da ake ɗaurewa a wuyan tirela. Yana aiki, amma sandunan suna rataye ne ƙasa da ƙwallo, ga mota dama ta kusa ƙasa, sai su riƙa shara a kowace mashiga ta gidan mai. Kuma yana yin aikinsa ne ta hanyar murɗa shasi, murɗar da ita ma sai ta bi ta wurin yankan.

Shi kansa majan akwai magana. Samari suna cire bambar baya su sa lallausan faranti don mota ta yi sumul, sannan su ɓoye majan a bayan lamba. Wasu daga cikin waɗannan ɓoyayyun ba a yi su don nauyi ba, kuma lambar da aka buga a jikinsu ita ce iyakarsu ko da motar za ta iya ninkin haka. Tsayin ƙwallo ma ya canja. Tirela mai aksul biyu so take ta tsaya daidai, in hancinta ya duƙa tayoyinta na gaba ne ke ɗaukar yawancin kaya su yi zafi, don haka sai an sa mariƙin ƙwallo mai hawa sama. A duba girman ƙwallon kuma. A kasuwar nan kayan Turai da na Amurka a gauraye suke, ƙwallon milimita 50 da na inci 2, wato milimita 50.8, ido ba ya raba su, amma ba ɗaya ba ne.

Taya ita ce ta fi ba ni tsoro. Wanda ya sauke mota ba ya barin ta da tayoyin kamfani, sai ya sa manyan rim masu inci 22 ko 24 da siririyar taya. A jikin kowace taya, bayan lambobin girma, akwai lamba mai nuna nauyin da za ta ɗauka: 100 na nufin kilo 800, 106 kilo 950, 110 kilo 1,060, 115 kuma kilo 1,215. Ka ninka biyu ka ga iyakar bayan motarka, ko me shasi zai iya. Rim ɗin ma yana da nasa iyakar, kuma na ado masu araha ba kasafai suke faɗin gaskiya ba. Siririyar taya iska kaɗan take riƙewa, ga kaya, ga gudu, ga kwaltar hanyar Jidda zuwa Makka a watan Yuli lokacin da zafin iska kansa yake haura digiri 40. Zafi ne ke kashe taya, kuma fashewar tayar baya da tirela a ɗaure ba abin da zan so wa maƙiyina ba ne. Manyan rim sun fi nauyi, birki yana wahala wajen tsayar da su, in kuma da'irar tayar ta fi ta asali girma, giya tana ƙara shan wuya wajen tashi.

Sauran ƙananan abubuwan ba zan daɗe a kansu ba. Juya aksul yana canja kusurwar da farfela ke haɗuwa da difirans, sai a ji mota tana rawa a wani gudu, maganinsa 'yan siraran ƙarafa masu gangara da ake sawa tsakanin susta da aksul. Shokozoba na asali sun yi tsawo, sai gajeru, kuma a gyara mazauninsu don kada su kwanta da yawa su daina aiki. Masu tsofaffin Hilux kuma su tuna akwai wani bawul a baya mai auna yadda mota ta duƙa ya ƙara wa tayoyin baya birki. In ka sauke motar ba ka daidaita shi ba, zai ɗauka kullum a cike take da kaya, tayoyin baya su riƙa kullewa tana wayam.

Alhaji ya yi tambayar da ta fi ta kowa ma'ana. Ya ce, "To Malam, bayan an yi duk wannan, kilo nawa za ta ja?" Amsar gaskiya ita ce babu wanda zai iya rubuta masa lamba ya sa hannu. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takarda mai haruffa GVWR, wato iyakar nauyin mota da duk abin da ke cikinta, da GAWR, iyakar kowane aksul. Littafin mota kuma yana faɗin nauyin da za ta ja. Waɗannan lambobin na motar da ta fito daga kamfani ne, da tsayinta da tayoyinta da shasinta. Ba a kan tebur kawai ake samo su ba. Ma'aunin da manyan kamfanonin ke bi yanzu, mai suna SAE J2807, wanda Toyota ta fara aiki da shi a 2011, Ford da GM da Ram suka bi a ƙananan wanet ɗinsu ƙirar 2015, ya haɗa da hawan wata hanya mai tudu kusa da madatsar Davis a jihar Arizona, kimanin kilomita 18, cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba, da na'urar sanyaya mota a kunne har ƙarshe, ga gwajin birki da na kaɗawar tirela. Duk wanda ya taɓa hawa daga Makka zuwa Ɗa'if, daga ƙasa da mita 300 zuwa kusan 2,000 a Hada, ya san irin abin da ake nufi. Ba wani gareji da ke maimaita wannan gwajin bayan ya yanka maka shasi. Gyara ba ya ɗaga lambar kamfani, iyakarsa ya kusantar da kai gare ta, kuma mai hankali yana barin tazara mai kauri a ƙasanta.

Ga kuma hukuma. A dokar hanya ta Saudiyya, yin gyaran da ya canja siffar mota ko ginshiƙinta ba tare da bin matakan izini ba laifi ne, Murur, wato 'yan sandan hanya, na iya cin tara a kuma tsare motar har a kawar da abin da aka yi. Ba a sabunta istimara, wato takardar rajistar mota, sai da fahas, binciken lafiyar mota ke nan, masu fahas kuwa suna duba ƙarƙashin mota, walda a jikin shasi ba ta ɓoyuwa. In kuma tsautsayi ya faru aka kira Najm, masu rubuta rahoton haɗarin mota, to kamfanin inshora zai so ya san ko motar da ya yi wa rajista ita ce wannan. Ranar sayarwa ma, kalmar farko da mai saye ke tambaya a kan kowace wanet ita ce ko shasinta lafiya yake. Don haka izini ake fara nema kafin saruk, ba bayansa ba.

Ra'ayina, wanda na faɗa musu a gaban juna, shi ne tirela ce ya kamata ta zaɓi yawan saukewar, ba hoton da yaro ya gani a Instagram ba. A loda ta yadda ake loda ta da gaske, a kai ta mizanin manyan motoci, a auna motar ita kaɗai, a auna ta da tirela, aksul bayan aksul. Wanda abin da yake ja bai wuce babur ɗin ruwa ba, wanda da tirelarsa ba su kai rabin tan ba, zai iya huɗu da shida da yanka mai kyau ya kwana lafiya. Wanda ke jan tan biyu da rabi zuwa sahara, inda hanya ke ƙarewa yashi ya fara, inci 2 a gaba da 3 ko 4 a baya ta hanyar maratayi da mariƙin susta na gaba shi ne iyakar abin da zan yarda da shi: ba a taɓa shasi ba, an sa gajeriyar robar tsayawa da balan-balan, tayoyi masu lambar da ta kai ta asali, birkin tirela yana aiki da na'urarsa a gaban direba, an ƙara wa giya abin sanyaya mai. Motar za ta yi kyau, za ta kuma koma yadda take a yini ɗaya in fahas ya ƙi ta. Yanka kuwa ba ya komawa.

Yaron bai ji daɗi ba, ya ce biyu da huɗu ai ba wanda zai lura. Dattijon nan mai walda ya yi dariya, ya ɗauko curin yumɓu ya manna a saman aksul daidai ƙarƙashin shasi, ya ce a ɗaura tirelar da kayanta a zaga unguwa a hau maɗab uku a dawo. Motar ko inci ɗaya ba a sauke ta ba a lokacin. Da suka dawo ya ɓamɓaro yumɓun ya miƙa wa yaron, ya baje ya koma kamar waina, kaurinsa bai fi yatsu uku ba. Ya ce, "To ɗana, cire inci shida daga nan ka faɗa mini abin da ya rage."